Kundin aiki: zana taswirar manhajojin kamfani kafin mu raba tsohon tsari

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau aka ɗora mini aikin a rubuce. A takarda sunansa tsara ginin manhajojin kamfani baki ɗaya, amma damuwar da ta haifo shi ɗaya ce tak. Tsohuwar manhajarmu ita ke karɓar oda, ita ke lissafin kayan sito, ita ke fitar da takardar kuɗi ga kwastoma, kuma duk a dunƙule suke. Sau ɗaya a wata ake sakin sabuwar siga, da tsakar dare, injiniyoyi na zaune suna jiran su ga inda zai fashe. A gyara rangwame a ɓangaren sayarwa, washegari akantoci su tarar rahotonsu ya ƙi daidaituwa. Shugabanni na so a cire lissafin kuɗi ya tsaya da ƙafarsa, don a riƙa gyara shi ba tare da an girgiza sauran ba.

An ba ni shawarar in ɗauki TOGAF, wani jagoran tsara ginin manhajojin kamfani mataki-mataki, in bi shi daga farko har ƙarshe. Na san darajarsa. Tun 1995 yake nan, ya samo asali daga wani tsari na Ma'aikatar Tsaron Amurka mai suna TAFIM, ƙungiyar The Open Group ce ke kula da shi, kuma zagayen matakansa daga A zuwa H yana tuna wa mutum abin da zai iya mantawa: manufa, harkar kasuwanci, bayanai da manhajoji, na'urori, sannan ƙaura da sa ido. Haka ma jadawalin John Zachman, wanda ya fara gabatarwa a 1987 yana aiki a IBM, daga baya aka cika shi da tambayoyi shida: me, yaya, ina, wa, yaushe, don me. Zan ajiye su biyun kusa da hannu ina dubawa. Amma ba zan cike kowane gurbi don kawai gurbin yana nan ba. Tambayar da aka biya mu mu amsa ita ce: idan aka zare lissafin kuɗi daga tsohuwar manhaja, me zai karye, kuma wa zai fara ji a jikinsa? Duk zanen da bai matsar da mu kusa da amsar nan ba, ya jira.

Laraba, 22 ga Janairu

Na tattara duk zanen da kamfanin ya taɓa yi. Suna da yawa, warwatse cikin fayilolin gabatarwa da tsoffin takardun kwangila, kuma ba guda biyu da suka yarda da juna. A wani, akwati na nufin manhaja. A wani, na'urar sabar, wato kwamfutar da manhaja ke gudana a kanta. A wani kuma sashen ma'aikata. Kibiyoyi ba su da rubutu, ba ka sanin bayanai ne ke tafiya ko umarni, ko kuwa mai zanen na nufin "waɗannan biyun suna da alaƙa" kawai.

Mun zaɓi salon zane na C4 na Simon Brown don aikin yau da kullum. Matakai huɗu ne, daga nesa zuwa kusa: tsarin da mutanen da sauran tsare-tsaren da ke kewaye da shi; sai kwantenoni, wato duk abin da ke gudana da kansa ko ke ajiye bayanai, kamar manhajar waya ko rumbun bayanai; sai ɓangarorin cikin kowace kwantena; sai kod ɗin kansa, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi. Biyun farko za mu zana da hannu. Na uku sai inda za mu yi yanka. Na huɗu ba za mu taɓa ba, domin na'ura na iya fitar da shi daga kod a duk lokacin da aka so.

Wani babban injiniya ya tambaya me ya sa ba UML ba, wato sanannen harshen zanen manhaja, tunda kowa ya karanta shi a makaranta. Ban jefar da shi ba. Tun da ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997 ya bunƙasa har ya kai nau'o'in zane 14, kuma biyu daga ciki ba su da madadi a wurina: zanen da ke nuna saƙo na bin saƙo tsakanin tsare-tsare, da zanen da ke nuna yadda abu ke sauya hali daga wani matsayi zuwa wani. Za mu yi amfani da su. Abin da nake gudu shi ne zanen da sai an koya wa shugabar sashen kuɗi alamominsa kafin ta iya cewa "nan ba haka yake ba". Ƙa'ida ɗaya na kafa: kowace kibiya a rubuta mata abin da take ɗauka da hanyar da take bi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Gani ya kori ji. Makonnin nan mun yi zane iri biyu na abu ɗaya. Na farko daga bakin mutane: muka zauna da kowace tawaga suka faɗa mana da wa manhajarsu ke magana. Na biyu daga shaida: muka kunna rajistar rumbun bayanai, muka bar ta tana rubuta duk wanda ya shigo, daga wace na'ura, da wane suna, ya karanta wane tebur (jerin bayanai a layuka da shafuka), ya rubuta a wanne.

Zanen baki ya fito tsaf, kibiyoyi kaɗan, duk suna bi ta ƙofar API, wato hanyar da aka ware don manhaja ta nemi abu wurin wata, kamar yadda aka tsara tun farko. Zanen shaida kuwa ya nuna wata duniya dabam. Manhajar sito ba ta tambayar API ko an biya oda. Kai tsaye take shiga teburin kuɗi ta karanta. Akwai wani aikin dare da ke kwafe teburin kwastomomi zuwa na'urar rahotanni, kuma a hanya yana gyara wasu layuka ya mayar da su inda ya ɗauko. Wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin kamfanin. Akwai kuma fallen lissafi na Excel a sashen akantoci da aka haɗa da rumbun da sunan shiga mai cikakken iko, kuma da shi ake rufe lissafin ƙarshen wata. Babu ko ɗaya daga cikin ukun nan a wani zane, ba kuma don wani ya ɓoye ba. Kowane an yi shi ne wata rana da ake cikin matsi, ya yi aiki, aka wuce.

Wannan ya sauya mini fuskar aikin. Da farko ina kallon manhajar a matsayin kod da ya cuɗe, sai a warware. Yanzu na ga kod ɗin ba shi ne ƙullin ba. Ƙullin yana cikin rumbun bayanai guda da kowa ke ɗiba ya zuba, ba tare da an san mai wane tebur ba. Za mu iya cire kod ɗin lissafin kuɗi gobe mu sa shi a sabuwar sabar, mu yi murna, amma muddin tsare-tsare uku na karanta teburinsa kai tsaye, ba za mu iya sauya ko sunan shafi ɗaya ba sai mun nemi izinin kowa. David Parnas ya faɗi tushen wannan tun 1972: a raba manhaja bisa abin da kowane ɓangare ke ɓoye wa sauran, musamman shawarwarin da ake tsammanin za su sauya. Siffar teburin kuɗi ita ce irin abin da ya kamata a ɓoye, mu kuwa mun shanya ta a fili.

Don haka na ƙara wani abu da ba zane ba: jadawali mai shafi uku kawai. Sunan tebur, masu karantawa, masu rubutawa. Duk teburin da ke da mai rubutu fiye da ɗaya na sa masa jan alama. Ya zuwa yanzu wannan jadawalin ya fi duk akwatunanmu amfani. Za mu bar rajistar a kunne har a rufe wata, kuma in son samu ne har a rufe zangon wata uku, domin akwai ayyukan da ba sa motsi sai lokacin.

Talata, 18 ga Fabrairu

Zaman da na fi ɗoki, kuma bai ba ni kunya ba. Muka tara masu sayarwa, ma'aikatan sito, akantoci da injiniyoyi a ɗaki guda, da doguwar takarda a bango da 'yan takardu masu mannewa. Salon Alberto Brandolini ne: kowa ya rubuta abin da ke aukuwa a harkar, a sigar abin da ya riga ya faru, ya manna bisa jerin lokaci. An karɓi oda. An ware kaya. An loda mota. An fitar da takardar kuɗi. An biya rabi. An dawo da kaya. Ba a maganar manhaja ko kaɗan a sa'o'in farko.

Gardama ta tashi a kan shafi ɗaya na teburin oda, wanda ke nuna matsayinta. Idan aka rubuta cewa oda ta kammala, masu sayarwa na fahimtar kwastoma ya amince kuma ladan mai sayarwa ya tabbata. A wurin 'yan sito, kaya sun bar ƙofa ke nan. A wurin akantoci, kuɗi sun shigo an daidaita su da takarda. Lokuta uku ne mabambanta, tsakaninsu kan iya kai makonni, amma shafi ɗaya ke ɗauke da su, kuma tsare-tsare uku ke rubutu a kansa. Shugabar sashen kuɗi ta tsaya tana kallon bangon, sannan ta juyo ta ce mini, "Malam, ashe shi ya sa kowane ƙarshen wata muke zama mu bi oda ɗaya bayan ɗaya da hannu." Shekaru suna ɗaukar abin a matsayin sakacin ma'aikata, alhali ginin ne ya haifar da shi.

Abin da masanin ginin manhaja Eric Evans ya koyar a 2003 ke nan game da iyakokin ma'ana: kada a tilasta wa kamfani duka siffa ɗaya ta oda. Kowane sashe ya riƙe tasa, da matsayinta da dokokinta, a kuma fayyace yadda ake miƙa labari daga iyaka zuwa iyaka. Mun ja layi uku a bangon: sayarwa, sito, lissafin kuɗi. Akwai na huɗu da bai zauna ba tukuna, bayanan kwastoma, domin kowa na cewa nasa ne. Na bar shi da alamar tambaya.

Daga zaman na zana zanen sauyin hali guda uku, ɗaya ga kowane sashe. Na lissafin kuɗi ya fi rikitarwa saboda biyan kashi-kashi da dawo da kaya bayan an biya. Na kai wa akantoci, suka gyara kibiyoyi biyu da biro nan take. Irin zanen da nake so ke nan, wanda mai aikin zai iya kama masa kuskure.

Litinin, 3 ga Maris

Mun fara rubuta shawarwarin gini cikin gajerun takardu, bisa salon da Michael Nygard ya gabatar a 2011: take, matsayi, halin da ake ciki, abin da aka yanke, da abin da zai biyo baya, mai daɗi da maras daɗi. Suna zaune gefen kod a ma'ajiyar Git, inda ake ajiye kod da tarihin sauye-sauyensa, da lamba a jere. Ba a goge tsohuwa. In an sauya ra'ayi a rubuta sabuwa a ce ta maye gurbin waccan.

Ta farko: lissafin kuɗi zai sami rumbun bayanansa shi kaɗai. Ta biyu: babu tsarin da zai karanta wannan rumbun sai ta API ko ta sanarwar da yake fitarwa. A ƙarƙashin ta biyu na rubuta ƙarara cewa rahotannin da ake haɗa teburori da yawa a tambaya ɗaya za su yi wuya, kuma sai an gina musu wata hanya. Gara a sani tun yanzu.

Juma'a, 14 ga Maris

An yi 'yar ja-in-ja da ofishin tsare-tsare. Suna son taswira a wani harshen zane mai suna ArchiMate, domin da shi suke tattauna kasafi da masu binciken kuɗi. Injiniyoyi kuwa suna ganin aiki biyu ne za a ɗora musu.

Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma ma'aunin ISO/IEC/IEEE 42010 ya daɗe da warware irin wannan: kowane kallo na gini ana yin sa ne don wasu mutane da damuwarsu. Damuwar injiniya ita ce in na taɓa nan, ina zai motsa. Damuwar darakta ita ce wane aikin kamfani ne ya dogara da na'urar da kwangilarta ke ƙarewa baɗi. C4 ba ya amsa ta biyu, domin babu wurin ayyukan kasuwanci a cikinsa. ArchiMate, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Holan a farkon shekarun 2000 kafin ya koma hannun The Open Group, an gina shi ne daidai don wannan: hawa uku, kasuwanci a sama, manhajoji a tsakiya, na'urori a ƙasa, da alaƙar da ke nuna wa ke yi wa wa hidima.

Abin da muka tsayar: ni zan riƙe ƙaramin samfuri a manhajar Archi, wadda kyauta ce. Zai ƙunshi ayyukan da kamfani ke iya yi, manhajar da ke ɗauke da kowanne, da na'urar da take zaune a kai. Ba zai sauka ƙasa da haka ba. Sunayen manhajoji dole su zama daidai da na zanen C4, harafi da harafi, don a iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. ArchiMate na da alamomi da yawa sosai, kuma mai zane na iya shagala da su. Na zaɓi 'yan kaɗan na rubuta su a shafin farko, saura na rufe ido.

Tun zaman farko samfurin ya biya kuɗinsa. Da aka jera ayyuka da manhajoji, sai ga aikin aika wa kwastoma tunatarwar biya yana zaune a wurare uku dabam-dabam. Ana zargin shi ya sa wasu ke ƙorafin saƙo na zuwa musu bayan sun riga sun biya. Za a bincika.

Alhamis, 27 ga Maris

Melvin Conway ya rubuta a 1968 cewa tsarin da ƙungiya ta ƙera yakan kwaikwayi yadda mutanenta ke sadarwa da juna. Na ɗora zanen kwantenoninmu gefen jadawalin ma'aikata, kamar an buga su da hatimi ɗaya. Muna da tawagar fuskar manhaja, tawagar kod ɗin ciki, da tawagar rumbun bayanai. Manhajar ma hawa uku ce daidai haka, kuma ƙaramin gyara a lissafin haraji sai ya ratsa tawagogi uku, kowace da layin jiranta. Yawancin lokacin da gyara ke ci ba a aiki yake tafiya ba, a jira ne.

Na kai wa daraktan fasaha magana ɗaya: in aka gina sabon tsarin lissafin kuɗi da wannan rabon ma'aikata, cikin shekara zai koma kamar tsohon. Ana buƙatar tawaga guda da ke riƙe da shi daga fuska har rumbu, da akanta ɗaya da za ta riƙa zama da su. Bai ji daɗin maganar ba, kuma na fahimce shi, domin taɓa jadawalin ma'aikata na nufin taɓa muƙaman mutane. Shugaban tawagar rumbun bayanai ma ya kawo damuwa ta gaskiya: in kowace tawaga ta riƙe rumbunta, wa zai tabbatar ana ajiye kwafin ko-ta-kwana kuma ana gwada dawo da shi? Mun amince tawagarsa ta koma mai shimfiɗa ƙa'ida da kayan aiki ga kowa, ta daina zama ƙofar da kowane gyara ke jira a bakinta. An ba mu tawagar a matsayin gwaji na wata shida.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tsoron da ke raina tun Janairu shi ne zanenmu ya bi sahun waɗanda na tarar, ya tsufa a cikin fayil. Matakai biyu muka ɗauka.

Na farko, zanen ya zama rubutu. Mun kwashe C4 zuwa harshen Structurizr, inda ake bayyana kowace manhaja da alaƙarta sau ɗaya, a fitar da zane iri-iri daga tushe guda. Zanen jerin saƙonni kuma yana PlantUML, shi ma harshen rubuta zane ne. Duk suna ma'ajiyar Git, don haka mai sauya kod da zai ƙara sabuwar alaƙa yana sauya layi ɗaya a zane cikin buƙatar gyara ɗaya, mai duba masa aiki ya ga duka biyun. Hoton da na'ura ke jerawa bai kai na hannu kyau ba, wani lokaci kibiyoyi na haye juna. Na yarda da wannan rashi.

Na biyu ya fi muhimmanci. Zane ba ya hana kowa komai, gwaji ne ke hanawa. Tsohuwar manhajar da harshen Java aka rubuta ta, don haka muka sa ArchUnit, wanda ke ba da damar rubuta dokar gini a matsayin gwaji: kod ɗin sito ba zai kira kod ɗin cikin lissafin kuɗi ba sai ta ƙofa ɗaya da aka ware. Ranar da aka kunna shi ya zubo da tarin saɓani, kamar yadda aka zata. Ba mu tsayar da aiki don gyara su duka ba. Mun daskarar da jerin yadda yake, tsofaffin na nan a rubuce, amma sabo ba ya wucewa. Kowane mako tawagar na cire wasu. A ɓangaren rumbu ma an raba sunayen shiga, kowane tsari da nasa, kuma fallen Excel na akantoci ya koma mai karatu kawai.

Wani matashin injiniya ya yi ƙorafi gwajin ya tare masa gyaran minti biyar. Na zauna da shi muka duba. Abin da yake so ya karanta daga teburin kuɗi babu shi a API, shi ya sa ya nemi gajeriyar hanya. Muka ƙara shi a API. Ta irin wannan gajeriyar hanyar aka samu duk abin da muka tono a Fabrairu, kuma mai bin ta kusan kullum yana da buƙata ta halal da ƙofar gaba ba ta biya masa ba.

Talata, 29 ga Afrilu

An fara yanka. Ba za mu sake rubuta komai mu sauya a dare ɗaya ba. Muna bin dabarar da Martin Fowler ya bayyana a 2004, wadda ya kwatanta da wani irin ɓaure da ya gani a dazukan Ostireliya, mai tsirowa a jikin wata bishiya yana sauke saiwoyi a hankali har ya tsaya da kansa, tsohuwar ta ruɓe a ciki. Mun sa ƙofa a gaban tsohuwar manhaja, duk buƙatar lissafin kuɗi ta nan take bi, mu ke zaɓar wadda za a tura wa sabon tsari.

Yankin farko shi ne fitar da takardar kuɗi ga odar da ba ta da rangwame kuma ba a dawo da komai daga cikinta ba. A yanzu tsare-tsaren biyu na lissafi tare, na tsohon ne ke zuwa wa kwastoma, na sabon ana ajiyewa a kwatanta. Kwatancen ya riga ya tono abu biyu. Tsohon yana taƙaita ɗigon haraji, wato lambobin da ke bayan ɗigo a lissafi, a kowane layin kaya sannan ya tara. Sabon yana tarawa sannan ya taƙaita sau ɗaya. Bambancin ƙanƙani ne a takarda ɗaya, amma akanta ba ta rufe littafi da bambanci komai ƙanƙantarsa. Babu takardar da ta faɗi wanne ne daidai, a cikin kod kawai dokar take. Shugabar sashen kuɗi ta yanke a bi na tsohon, muka rubuta shi a matsayin shawara mai lamba don kada wani ya zo gaba ya "gyara". Na biyu kuma lokaci ne: tsohon na amfani da agogon sabar, sabon na amfani da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, don haka odar da ta shigo dab da tsakar dare a ranar ƙarshe ta wata na iya faɗawa wata dabam.

Wajen sanarwa mun daɗe muna muhawara. Idan sabon tsari ya rubuta cewa an biya, sannan ya faɗi kafin ya sanar da sito, kaya za su zauna ba a saki ba. In ya fara sanarwa sannan rubutun ya gaza, kaya za su fita ba a biya ba. Mafita ita ce a rubuta sanarwar a wani tebur na musamman cikin ma'amala ɗaya da biyan, wato ko duka biyun su shiga ko babu wanda zai shiga, wani ƙaramin aiki ya riƙa kwashewa yana aikawa. Farashin wannan shi ne saƙo ɗaya na iya isa sau biyu, don haka kowace sanarwa na ɗauke da lambarta, mai karɓa ya gane wadda ya riga ya gani ya yi watsi da ita. Zanen jerin saƙonni ne ya sa kowa ya ga ramin. Muna bin kibiyoyi ɗaya-ɗaya muna tambayar in wuta ta ɗauke a nan fa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Daraktan ya tambaya ta yaya za a san aikin na haifar da ɗa mai ido. Yawan zane ba amsa ba ne. Mun ɗauki ma'aunai huɗu na binciken DORA, mai auna aikin tawagogin manhaja: sau nawa ake sakin siga, tsawon lokaci daga rubuta gyara zuwa isarsa ga masu amfani, kaso nawa na sakin ke jawo matsala, da tsawon lokacin da ake ɗauka a farfaɗo. Sabon tsarin na fita a duk lokacin da tawagar ta shirya, da rana, ba a jiran daren ƙarshen wata. Amma kaso kaɗan na aikin yake ɗauka tukuna, don haka na roƙi kada a sa alƙaluman a rahoton hukumar gudanarwa sai rangwame da dawo da kaya sun ƙaura, su ne masu wuyar. Na kuma roƙi kada a yi amfani da ma'aunan wajen gwada tawaga da tawaga, domin da zarar an yi haka mutane za su fara yi wa lambar aiki.

Litinin, 2 ga Yuni

An rufe watan Mayu, kuma takardun odar da ba ta da rangwame sun yi daidai a tsare-tsaren biyu. Gobe za a juya ƙofar, na sabon ne zai fara zuwa wa kwastoma, tsohon ya ci gaba da lissafi a gefe na wani lokaci don in an ga matsala a koma da sauri. Manhajar sito ta daina karanta teburin kuɗi, yanzu sanarwa take saurare.

Abubuwa biyu sun tsaya mini a wuya. Aikin daren nan da ke gyara layukan kwastomomi har yanzu yana gudana. Mun karanta kod ɗinsa, yana haɗe kwastomomin da aka shigar sau biyu, bisa dokokin da ba wanda ke nan ya san dalilinsu, kuma ba za a kashe shi ba sai an san mai bayanan kwastoma. Masu sayarwa na cewa su ke shigar da su. Akantoci na cewa su ke riƙe da iyakar bashi da lambar haraji, kuma kuskure a nan su ake tuhuma. Ra'ayina a raba: suna da adireshi da lambar waya na sashen sayarwa, asusun biya da iyakar bashi na sashen kuɗi, lamba ɗaya ta haɗa su. Amma haɗe kwastoma biyu zuwa ɗaya na taɓa ɓangarorin duka, kuma dole a ce ga wanda ke da kalmar ƙarshe. Wannan ba hukuncin injiniya ba ne. Na rubuta shawarar da matsayin "ana jira", da zaɓi biyu da abin da kowanne zai jawo, na tura wa shugabannin sassan biyu.

Na biyu rahotanni. Na'urar rahoto na haɗa teburin oda da na kuɗi a tambaya ɗaya, kuma nan gaba kaɗan teburin kuɗi ba zai kasance a wurin ba. Muna gwada cika mata kwafi daga sanarwar da sabon tsari ke fitarwa. Rahoton zai riƙa makara da 'yan mintoci, kuma sai na ji daga bakin akantoci ko ranar rufe wata za su iya jure hakan. Zama da su ranar Alhamis, tare da jerin rahotannin da rajista ta nuna ana buɗewa da gaske, domin daga cikin waɗanda ke kan na'urar akwai da yawa da ba wanda ya taɓa tun Fabrairu.